Hayar gidan hutu a bakin tekun Ilashe: wa ke ciyar da wa?

Baban Walida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna shirin kama gida a Ilashe, bakin tekun Legas, na kwana 3, manya 6, yara 4. Dillalin ya ce gidan na da kuku, mai shara, mai kula da janareta da mai gadi, "komai na ciki". To wannan "komai" ɗin ne ban gane ba. Cefane a kan wa yake? Kukun zai iya girkinmu? Me za mu ɗauka daga gari? Waɗanda suka san harkar su taimaka.

Malam Sani Agege:
Wa alaikumus salam, Alhaji. A galibin irin waɗannan gidajen, abin da ka biya kuɗin ɗakuna ne da aikin ma'aikata. Hannun kuku ka saya, abin da zai zuba a tukunya kuwa naka ne. Kafin ka tura ko sisi, a rubuto maka a WhatsApp: awa nawa ake kunna janareta a rana, wa ke sayen dizal idan an wuce, jirgin ruwa zuwa da dawowa yana ciki ko daban, nawa ne kuɗin ajiya na ɓarna kuma yaushe ake mayarwa, sannan su wa ke ciyar da ma'aikata. Wannan na ƙarshe shi mutane ke mantawa. Yawanci daga tukunyarku za su ci, don haka lissafinka na mutum 14 ne, ba 10 ba.

Ka riƙe a ranka cewa mota ba ta zuwa Ilashe. Jirgi ake hawa daga wajen Falomo ko Victoria Island, tafiyar minti 30 zuwa 45, daga gaɓa kuma a kwashi kaya a babur mai ƙafa huɗu cikin yashi. Ba kasuwa irin ta Mile 12 a can, 'yan tireda ne kawai, kuma da tsada. Idan maggi ya ƙare za ka samu. Idan naman da ka yarda da yankansa ne ya ƙare, sai jirgi ya koma gari.

Ga ƙiyasi. Ɗanyar shinkafa giram 120 ga mutum a ci ɗaya, wato kusan kilo 1.7 ga mutum 14. Ka ɗauki kilo 10, ba za ka yi kuka ba. Nama mai ƙashi kilo 2 da rabi a kowane girki. Kaza mai kilo 1 da rabi tana isar mutum 4 ko 5. Ƙwai kiret 2. Tukunyar gas mai kilo 12.5 cikakkiya ta isa har da saura, amma ka tambaya a cike take ko a'a, kada ranar farko da dare a ce maka ta ƙare. Naman ka sayo a mayankar Oko-Oba ko wajen mahaucin da ka sani, a yanka, a wanke, a raba leda-leda gwargwadon girki ɗaya, a daskarar da shi kwana guda kafin tafiya. Wanda ya daskare a dunƙule ɗaya sai an narkar da shi duka kafin a ɗiba, daga nan lalacewa ke farawa.

Ruwa shi ne nauyin gaske. Rijiyar burtsatse a bakin teku sau da yawa ruwan zartsi take bayarwa: a yi wanka da wanke-wanke da shi, amma shayi ba ya daɗi, wake kuma ya ƙi nuna. Lita 3 ga kowa a rana na sha, ka ƙara na girki, za ka tashi da kusan lita 200. Jakar ruwan leda lita 10 ce, ke nan jaka 20. Kilo 200 fa ke nan, ka gaya wa mai jirgi tun da wuri don ya san ko sawu ɗaya zai yi.

Hajiya Maman Ihsan:
Malam Sani ya gama da lissafi, bari in taɓa kicin. Yawancin kukun da ke waɗannan gidaje sun ƙware a dafa-duka, soyayyiyar shinkafa, farfesu, gasasshen kifi da karin kumallo irin na otal. Tuwon shinkafa da miyar kuka kuwa, kada a sa rai. Ko an nuna masa, hannunsa zai kai ga manja da tarugu fiye da yadda yaranmu suka saba. Abin da ya fi sauƙi, uwargida ta yi miya kala biyu tun a gida, a daskarar, can ɗumamawa kawai za a yi. Tuwo kuma a tafi da shinkafar tuwo da muciya, don da wuya a sami muciya a kicin ɗinsu. Kuka, daddawa, man shanu, yaji da garin kunu duk a zuba a roba mai murfi mai kamawa. Danshin teku ba ya raga wa komai: yaji ya dunƙule, kilishi ya saki jiki, burodi ya yi fumfuna a kwana biyu.

Sai batun da ba a son faɗa. Gidan haya ne, baƙi iri-iri ke shiga, an gasa alade a kan wayar gashin nan ko ba a gasa ba, Allah masani. Ku tafi da sabuwar waya da katakon yanka naku, ba su da tsada. A gaya wa kuku ƙarara, gaban mai kula da gidan, cewa ba a sa giya a miya ko a jiƙon nama, kuma a kwashe kwalaben da ke firij kafin ku iso. Su sosej da makamantansu, wanda kuka kawo kawai za a soya.

A ba shi jadawalin girki na kwanakin a rubuce, da lokaci. In ba haka ba karin safe sai ƙarfe 10, domin baƙin da ya saba da su ba sa tashi da asuba. A ce ana son ruwan zafi a filas tun dare. Shinkafar da aka dafa kada ta wuce awa 2 a waje cikin wannan zafin, ko a ci ko ta shiga firij. Ɗumame ba ya kashe dafin da ta riga ta tara.

Alhaji, ka kuma tambaya ma'aikata maza har ina suke shiga, kuma ina da ina aka sa kyamara. Idan mata za su shiga wurin iyo, a ware musu lokaci, a sanar da ma'aikata su ja gefe. Ba sa musu idan an faɗa tun farko.

Injiniya Obalende:
Maganar daskararren nama duk tana rataye a kan wuta. Gidajen can janareta da sola ne. Janareta mai 30kVA tana shan lita 4 zuwa 6 a awa gwargwadon abin da aka ɗora mata, awa 12 ke nan lita 50 zuwa 70. Idan an ce maka wuta daga yamma zuwa safe ce, to da rana firij a kashe yake, sai in an haɗa shi da inbata. Firij ba ya riƙe sanyi fiye da awa 4 ba wuta. Firiza cikakkiya tana kai awa 48 idan ba a buɗe ba, rabi kuma awa 24. Saboda haka lemo da ruwa su zauna a cikin kula mai ƙanƙara, yara su yi ta buɗe wannan, firiza kuku kaɗai ke taɓa ta.

Na ɗan saba da Malam Sani a kan yawan nama. Masunta na kawo kifi da jatan lande da ƙaguwa da safe, a rage nama a bar wa kifi dare ɗaya ko biyu. A duba kifin, ido garau, ƙarƙashin kunne ja, tsoka ta dawo idan an danna. A riƙe tsabar kuɗi, sabis na yankewa.

Teku kuma kallo kawai. Igiyar ruwan Legas tana jan mutum ciki ko da ruwan iya gwiwa yake, yara kada su je ba babba. A jirgi kowa da rigar kariya, dokar LASWA ce, hukumar kula da sufurin ruwa ta jihar Legas, a tambayi ta yara tun kafin ranar, kuma an hana tafiyar dare, ku tsara komawa da la'asar.

Baban Walida:
Allah ya saka da alheri. Saura biyu: alƙibla, da abin da ake ba ma'aikata ranar tafiya.

Malam Sani Agege:
Teku na kudu. Ka sa shi a hannun dama, kana fuskantar gabas ke nan, sai ka ɗan karkata hagu. A kamfas ɗin waya digiri 63 ne daga arewa. Na ma'aikata ba ƙa'ida, amma ka ba kowa nasa a hannu, kada ka dunƙule wa mutum ɗaya ya raba. Ragowar shinkafa da mai ma a bar musu, kayan ba su cancanci a biya musu kuɗin jirgi ba.