Ranar da kwamanda ya ce shi zai tashi da jirgin

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka yi aikin sojan sama su ba mu labarin ranar da kwamandansu ya bar ofis ya ce shi da kansa zai tuƙa jirgi. Abin da ya tayar mini da tambayar shi ne tarihin Kanar Shittu Alao, wanda yana shugabancin rundunar sojin saman Najeriya baki ɗaya ya rasu ranar 15 ga Oktoba, 1969, lokacin da jirgin L-29 da yake tuƙawa ya faɗi a garin Uzebba da ke jihar Edo ta yanzu.

Tsohon makaniki: Wa alaikumus salam. Na daɗe ina aiki a kan jirgin yaƙi samfurin Alpha Jet, kuma ba na manta wata safiya da kwamandanmu ya iso da hular tuƙi a hannu, alhali na riga na ga ɗigon mai a ƙafar jirgin ta hagu. Gabana yana faɗuwa na ce masa, "Yallaɓai, ban sa hannu a littafin jirgin ba." Ya tsuguna, ya shafa man da yatsa, ya dubi inda yake tsattsafowa, sannan ya miƙe ya ce, "Sajan, in ka ce bai tashi, to bai tashi." Daga ranar babu ƙaramin hafsan da ya sake matsa wa makaniki lamba a sashenmu, domin kowa ya ga babba ya koma ofis da hularsa.

Mai aikin hasumiyar kula da tashi da saukar jirage: Ka yi dace, Sajan. Ni nawa ya zo ne a cikin hazo, nisan da ido ke kaiwa bai kai ƙa'idar tashi ba, na sanar da kwamandanmu sau biyu ta rediyo, ya ce ya ji. Ya tashi, kuma sai a yunƙuri na uku ya sauka. Bai taɓa tayar mini da zancen ba, ni ma na yi shiru.

Matuƙi mai ritaya: Bari ku ji daga ɗaya ɓangaren. Da muƙami ya zo, takardu da taruka suka cinye lokacina, har nakan yi makonni ban taka filin jirgi ba, hannu kuwa yana mantuwa ko da kai bai manta ba. Doka ta ce wanda ya jima bai tashi ba sai malami ya sake gwada shi, sai aka haɗa ni da wani matashi wanda ni na koya masa tuƙi. Ya zauna a kujerar baya, bai ce uffan ba har muka kashe inji, sannan ya rubuta cewa na shigo sauka da gudu fiye da kima. Na karanta sau biyu, na ari biro ɗinsa na sa hannu.