Waɗanda suka taɓa rubuta wa katunan Pokémon ko Yu-Gi-Oh! bayani da Hausa, ya kuka ƙare?

Daga Samaru, mai buɗe zancen:
Assalamu alaikum jama'a. A hutun da ya wuce yayanmu ya zo wa ƙannena uku da tsarabar katunan Pokémon. Sun san Pikachu da Charizard tun a kartun, suka yi ca a kansu, amma rubutun duk Turanci ne, autarmu kuwa aji uku take. Sai na ce bari in rubuta Hausar kowane kati a 'yar takarda in soka cikin ledarsa. Katin faɗinsa milimita 63 ne, tsawonsa 88, hoto kuma ya cinye kusan rabi. Kati 60 ake wasa da su, mako biyu suka ci mini.

Ranar farko rigima ta tashi. Na rubuta "jan kati 2", nufina mutum ya jawo biyu daga tarinsa. Ƙanena mai son ƙwallo ya tsaya kai da fata cewa jan kati kora ce, don haka a fitar da dabbobin abokin wasansa biyu daga fili. Kuma bisa abin da ke rubuce bai yi ƙarya ba. Na mayar da shi "zari kati 2 daga saman tarinka". Don Allah duk wanda ya taɓa irin wannan aiki ya ba mu labari.

Daga Kongo:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni ɗalibin shari'a ne, Yu-Gi-Oh! muke bugawa a ɗaki, na kuma rubuta wa 'ya'yan yayata wajen kati 40, iya abin da ake buƙata a fara wasa. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne "kana iya" da "dole". A baki ba ma damuwa mu raba su, a kan kati kuwa su ke raba wanda ya ci da wanda aka cinye. Sai kuma "idan" da "duk lokacin da".

Kada ka ga kamar laifin Hausa ne. Konami, kamfanin da ke yin Yu-Gi-Oh!, sun fara fitar da katunan a Japan a 1999, na Turanci suka biyo baya a 2002, amma sai 2011 suka sake tsarin rubutun Turancin saboda yawan gardama. Yanzu abin da ya zo kafin ruwa biyu sharaɗi ne, abin da ya zo kafin waƙafi mai ruwa shi ne abin da za ka biya ko ka nuna tun farko, sauran kuma aikin katin. Na ɗauko tsarin nan ɗungurungum, ya zauna daram: "Sau ɗaya a zagaye: jefar da kati 1; zari kati 1." Kalma ɗaya ga aiki ɗaya. In ka ce "jefar" a kati na farko, kada ka ce "yar" a na goma don daɗin baki.

Daga Tudun Wada:
Sannunku da ƙoƙari ƙannena. Ni malamar Hausa ce a firamare, na yi wa ɗalibaina irin wannan don su riƙa karatu ba tare da an bi su da bulala ba. Mu Zazzagawa bakinmu ya saba da "shi" ga kusan komai, to a kan kati wannan sabon ya cuce ni. Na rubuta "cire shi daga jikinsa", yara suka kasa gane wa za a cire daga jikin wa. Da na tsayar cewa dabba "ita" ce, katin ƙarfin da ake liƙa mata kuma "shi", sai jimlar ta koma "cire shi daga jikinta", gardama ta mutu. Ku kuma kula da ƙ da ɗ da ɓ. Wani shago ya buga mini da rubutun da ba ya ɗaukar su, "ƙarfi" ya fito da ɗan akwati a gaba, takarda ashirin suka tafi a banza.

Daga cikin Birni, wajen Ƙofar Doka:
Malama, Allah ya saka da alheri. Duk kun yi maganar doka, ni ɗan layin nan na can ƙasan kati ya tsaya mini a rai, wanda ba ya aikin komai a wasa sai dai ya gaya maka wace ce dabbar. Da farko fassara na yi, ta fito lami, ba gishiri. Ranar hawan Daushe ina tsaye ina jin maroƙa suna wasa mahaya, sai na ce ashe muna da abinmu tun kaka da kakanni. Layin nan kirari yake nema.

Na Pikachu na rubuta: "Ɗan ɓera mai tsawa a kumatu, ba a kama ka da jiƙaƙƙen hannu." Na Snorlax: "Na kwance mai tare hanya, tashinka sai an busa sarewa." Yanzu yaran layinmu ba sa ajiye kati shiru, sai sun ɗaga murya sun yi masa kirarinsa tukuna.

Amma fa kirari ba ya yiwuwa sai ka san mai shi. A rubutun farko na sa "mai kwana a ƙwallo" a na Pikachu, tunda a kartun cikin 'yar ƙwallo ake ajiye dabbobin. Wata yarinya 'yar shekara tara ta ajiye katin ta ce, "Kawu, Pikachun Ash ai ba ya yarda ya shiga ƙwallo." Gaskiyarta, Ash shi ne yaron da ke da Pikachu a kartun ɗin, kuma tun kashi na farko da aka nuna a 1997 haka yake. Na zauna na sake kallon kartun ɗin tare da su kafin in ƙara rubuta ko layi ɗaya. Yaran nan sun riƙe halin kowace dabba kamar 'yan gidansu, in ka yi mata ƙage ba za su yafe ba.

Daga Gyallesu:
Ni uwa ce, kuma da fari hana nawa na yi. Na leƙa zaure na ga ana jefa murfin lemo sama, ga katuna shida a kife gefen kowa, na ce caca ta shigo mini gida. Babban ɗana ya zaunar da ni ya karanta mini Hausar da ya rubuta. Ashe shidan nan daga cikin katunan mutum suke, nasa yake ɗauka in ya kayar da dabbar abokinsa, an tashi kowa ya tattara kayansa. Murfin kuma maimakon kwabo ne, tunda kwabo ya ɓace a hannun mutane: in ya faɗi a kife kaza, a buɗe kaza. Da ba da Hausa aka rubuta ba, da har yau ban yarda ba. Sharaɗina biyu ne, ba a sa kuɗi, kuma ana kiran salla a nannaɗe tabarma.

Daga Sabon Gari:
Hajiya kin kyauta. Ni shagon buga takardu gare ni. Kada girman rubutu ya yi ƙanƙanta har yaro ya riƙa kanne ido. In jimla ta ƙi shiga, a rage kalma, kada a matse harafi. Na kuma sha mayar da masu son in buga musu hotunan da yawa su kai kasuwa. Pokémon na da masu shi, Nintendo da Game Freak da Creatures. Takardar da ka soka a leda don ƙannenka daban, haja daban. Mai son sayarwa ya zana Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami, ga masu zane nan birjik a Samaru.

Daga Samaru kuma:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Daren jiya na bi katunan na gyara "shi" da "ita" yadda Malama ta ce, goma sha ɗaya na samu da matsalar. Saura abu ɗaya. Wurin da ake tara katunan da aka gama da su, a Yu-Gi-Oh! maƙabarta suke ce masa, Mama kuwa ta ce kada ta ƙara jin kalmar a bakin yara. Na gwada "juji", autarmu ta ce ita ba za ta kai Pikachu juji ba. Yanzu "rumbu" muke cewa, tunda wani lokaci ana komawa a ɗebo. Na Kongo, kai me ka sa a naka?