Ɗan Sanda Zai Iya Binciken Ɗan Sanda?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Magana ɗaya na zo da ita, mai musu ya musa: kai ƙarar ɗan sanda wurin 'yan sanda ɓata lokaci ne da asarar kuɗin mota. Watan jiya aka kama ƙanina mai gyaran waya, wai wata waya da aka kawo masa gyara ta sata ce. Kwana uku ya yi a bayan kanta a wani caji ofis. Ranar da za a sake shi sai da muka ba da dubu 40, kuma wallahi a saman kan wanda ya karɓa akwai takarda manne a bango an rubuta beli kyauta ne. Abin ya tsaya mini a rai, na rubuta koke na kai sama. Bayan mako biyu aka kira ni a waya aka ce in zo. Ina shiga sai ga mutumin da na yi ƙara zaune, takardata a kan teburinsa, har da lambar wayata da adireshin gidanmu a jiki. Ya ɗaga ta ya ce, "Alhaji, kai ne marubucin?" To ku gaya mini, wane bincike ya rage?

Tsohon Sufeto: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka haƙuri ɗana, abin da aka yi maka ba daidai ba ne, ba kuma haka tsari ya ce ba. Amma kada ka yi mana kuɗin goro. Shekara 35 na yi cikin kaki, na ga an tuɓe wa mutane igiya, na ga an kori saje a gabana saboda abin da bai kai naka ba. Akwai shari'ar cikin gida da ake yi wa ƙananan ma'aikata daga kurtu zuwa sufeto, akwai masu sa ido da ke fita cikin farin kaya suna kama masu karɓar na goro a kan hanya. Ba a dai shelanta muku ne.

Baban Khalifa: Baba, da girmanka, in ba a shelanta mana ba ta ina za mu sani? Ni da na kawo ƙara ko sakamako ba a gaya mini ba.

Barista: A nan Baban Khalifa ya fi gaskiya, kuma doka tana bayansa. Sashen karɓar ƙorafin jama'a na rundunar, wanda ake kira CRU, an buɗe shi a Nuwamba 2015 zamanin Sufeto Janar Solomon Arase. Da aka yi sabuwar Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1943, sai aka sa shi cikin doka, aka ce a kafa shi a hedikwata a Abuja da kowace jiha, kuma a ba mai ƙara sakamakon bincike cikin kwana 21 daga ranar da ya kai koke. Wato shirun da aka yi maka kansa saɓa doka ne. Sai dai inda gizo ke saƙar: sashen yana ƙarƙashin ɓangaren hulɗa da jama'a ne. Yana karɓa, yana ba da lamba, yana bibiya, amma binciken kansa wasu 'yan sandan ake miƙa wa. In fayil ya gangaro daga sama zuwa ƙasa ana rubuta "a duba a kawo rahoto", ƙarshenta teburin wanda ake ƙara yake sauka.

Tsohon Sufeto: Barista, ai ba mu kaɗai ba ne. Ina Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda? Ba 'yan kaki ke tafiyar da ita ba.

Barista: Haka ne ranka ya daɗe, a takarda. Tsarin mulki na 1999 ya ba ta ikon ɗauka da ƙarin girma da ladabtarwa da korar kowane ɗan sanda in ban da Sufeto Janar. Amma ka dubi waɗanda suka shugabance ta: Mike Okiro, Musiliu Smith, Solomon Arase, dukansu tsofaffin Sufeto Janar ne. Ban ce ba su da gaskiya ba, na ce gida ɗaya ne. Kuma ƙarfinta da yawa ya tafi wajen rigima da rundunar kan wa ke da ikon ɗaukar kurata dubu 10 a 2019, rigimar da sai a 2023 Kotun Ƙoli ta raba ta ba hukumar gaskiya. Shekara huɗu ana ja-in-ja kan ɗaukar aiki, mai gyaran waya yana jiran a dubi dubu 40 ɗinsa.

Maman Ilham: Ku kuna ta maganar dokoki, ni abin da ya tsaya mini shi ne adireshin gida da ke jikin takardar. Ku maza ba ku san abin da uwa ke ji ba in aka ce ɗan sanda ya san ƙofar gidanta kuma yana jin haushin ɗanta. Yaron nan gobe shago zai buɗe, waya kuma kullum ana kawo masa, wa ya san ta sata da ta halak? Ko ni ce uwarsa cewa zan yi a bar wa Allah. Ba don ban san haƙƙi ba, don na san wanda zai kwana a sel in abin ya juye.

Malam Na Zariya: Hajiya, wannan "a bar wa Allah" ɗin ita ta kai mu inda muke. Ku tuna Oktoba 2020. Matasan kudu suka fito zanga-zanga kan SARS, rundunar 'yan sanda ta musamman mai yaƙi da fashi, ranar 11 ga wata Sufeto Janar Mohammed Adamu ya rushe ta. Aka ce kowace jiha ta kafa kwamitin shari'a ya saurari koke. Legas ta kafa ƙarƙashin Mai Shari'a Doris Okuwobi, mutane suka zo da tabo a jiki suna ba da shaida a bainar jama'a, aka biya wasu diyya. A Abuja Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta kafa nata ƙarƙashin Mai Shari'a Suleiman Galadima. Mu fa? Gwamnonin Arewa cewa suka yi su SARS tana musu amfani, jihohi irin su Kano da Jigawa da Sakkwato da Zamfara ko kwamitin ba su kafa ba. Mu kuma muka tafa, muka ce rigimar 'yan kudu ce. Kamar a nan ba a dukan kowa a bayan kanta.

Ɗan Kasuwar Kwari: Malam, to su da suka kafa ɗin me ya fito? Rahoton Legas da aka miƙa a Nuwamba 2021 kan harbin da aka yi wurin zanga-zangar a Lekki, gwamnati ta karɓi wani ta watsar da wani. 'Yan sanda nawa ka ji an gurfanar saboda rahotannin nan? Ba cinya ba ƙafar baya.

Malam Na Zariya: Na yarda tsugune ba ta ƙare ba. Amma aƙalla an rubuta, an ji sunaye, an biya wasu. Mu ko fayil ba mu da shi.

Tsohon Sufeto: Tunda kun kawo manyan shari'u, bari in tuna muku cewa ana hukunta 'yan sanda a ƙasar nan. Lauya Bolanle Raheem da aka harbe a Ajah ta Legas ranar Kirsimeti ta 2022, jami'in da ya harbe ta, Drambi Vandi, mai muƙamin ASP ne, ba kurtu ba. Kafin shekara ta zagayo, a Oktoba 2023, kotu ta yanke masa hukuncin kisa, kuma cikin masu ba da shaida har da abokan aikinsa da suke tare a wurin. A nan Arewa ma, a Afrilu 2023, 'yan sanda uku da ke rakiyar wani mawaƙi aka kore su daga aiki saboda harbi sama da suka yi don burgewa. Wa ya kore su? Mu ne.

Ɗan Kasuwar Kwari: Baba, bidiyo ne ya kore su, ba ku ba. Da ba a ɗauka an watsa ba, da har yau suna bakin aiki. Ita kuma marigayiyar lauya ce, ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa gaba ɗaya ta tsaya a kan maganar. Ka kawo mini misalin ɗan achaba ko mai rake da aka yi wa haka cikin wata goma.

Barista: Ni misalin da ba ya fita raina shi ne na mutum shida na Apo. Yuni 2005, a Abuja, 'yan sanda suka kashe matasa 'yan kasuwa biyar da budurwa ɗaya. Rahoton farko da ya fito daga 'yan sanda cewa ya yi 'yan fashi ne aka yi musayar wuta da su. Da an bar binciken a gida, da nan maganar ta mutu, an binne su da sunan ɓarayi. Sai da 'yan kasuwar Apo suka tayar da ƙura, Obasanjo ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Olasumbo Goodluck, a nan ne wasu 'yan sandan da kansu suka buɗe baki suka faɗi yadda aka yi. Ku lura da wannan: 'yan sandan ne suka san gaskiya, amma ba su faɗe ta ba sai a gaban wanda ba ubangidansu ba. Duk da haka sai Maris 2017 Mai Shari'a Ishaq Bello ya yanke hukunci, shekara kusan 12. 'Yan sanda biyu ƙanana aka yanke wa kisa, uku aka sallama har da babban cikinsu, DPO ɗin yankin kuwa tun farko ya tsere daga tsare.

Tsohon Sufeto: Wannan kam ba ni da bakin magana a kai. Amma Barista ka faɗi abin da mutane ba sa ganewa. Kurtu yana gani, yana sani, amma in ya yi magana a kan ogansa, gobe sai ya ji an tura shi wani ƙauye da ko ruwan sha babu, ko a riƙe masa ƙarin girma shekara da shekaru. Kuma ku sani, ofis da yawa ba a ba su ko kuɗin man sintiri da takardar rubuta bayani yadda ya kamata. Ba ina halatta karɓar kuɗin beli ba ne, Allah ya kiyaye. Ina cewa mai binciken da za ka tura ya san daga inda man motar ke fitowa, don shi ma a irin ofishin ya taso. Yaya zai rubuta?

Baban Khalifa: To Baba ai ka dawo kan maganata ke nan.

Tsohon Sufeto: Ban dawo ba. Kai ka ce ɓata lokaci ne, ni na ce da gyara. In ka kawo farar hula zalla, wanda bai taɓa riƙe littafin kanta ba, a gabansa za a sauya lokacin da aka shigar da mutum sel, ba zai gane ba. Sai ɗan gida ya san inda ake ɓoye abu.

Ɗalibi a Nairobi: Ina bin ku tun ɗazu, bari in sa baki Baba. A nan Kenya an yi doka a 2011 aka kafa hukumar farar hula mai suna IPOA. Tana da masu bincikenta na kanta, ba ta ƙarƙashin shugaban 'yan sanda, kuma doka ta wajabta a sanar da ita duk mutuwar da ta auku a hannun 'yan sanda. Afirka ta Kudu na da irinta mai suna IPID, Ingila na da IOPC tun 2018. Ba wai an daina kisa a Kenya ba, kowa ya ga abin da ya faru a zanga-zangar 2024, kuma hukumar kanta kullum kukanta 'yan sanda ba sa ba ta haɗin kai. Shari'ar lauya Willie Kimani da aka kashe a 2016 sai 2022 aka samu 'yan sanda uku da laifi. Amma takardar mai ƙara ba ta komawa teburin wanda ya yi ƙara a kansa. Ilimin ɗan gida da kake faɗa ana iya ɗaukarsa aiki, tsohon ɗan sanda irinka ma zai iya, in dai albashinsa da ƙarin girmansa ba a hannun kwamishina suke ba.

Maman Ilham: Duk na ji. Kafin a kafa mana irin ta Kenya, yaron nan ya zai yi gobe?

Barista: Hanyoyi na nan Hajiya, ko da ba su da daɗi. Tsarin mulki, sashe na 35, ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, saboda haka kwana ukun nan kaɗai abin ƙara ne a babbar kotu, ƙarar take haƙƙi. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam mai ofisoshi a jihohi, ba a biyan kuɗi. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ce majistare ya riƙa ziyartar caji ofis duk wata yana duba waɗanda ke tsare. Sai dai ba zan ruɗe ku ba: ka ci shari'a a ba ka diyya, karɓar kuɗin wani yaƙi ne, don akwai tsohuwar doka da ke neman amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin gwamnati. Kuma a kiyaye, kai wa hukuma bayanin ƙarya laifi ne, don haka ba a shiga ba hujja. Baban Khalifa, dubu 40 ɗin nan hannu da hannu kuka ba da?

Baban Khalifa: A'a. Ba mu da tsaba a lokacin, sai ya tura mu wurin wani mai POS da ke jikin katangar ofishin, ya ce mu tura can. Alat ɗin yana wayata, da kwanan wata da ƙarfe nawa.

Barista: To kana da abin da mutum ɗari ba su da shi. Ka ɗauki hotonsa ka ajiye wuri biyu. Kada ka sake zuwa in sun kira ka kai kaɗai, kada kuma ka sa hannu a takardar janye ƙara ko an ce maka sulhu ne.

Tsohon Sufeto: Ka ƙara da sunansa da ke ƙirjin rigarsa, da ranar da aka shigar da yaron da ranar da aka fito da shi. In za ka sake rubutawa, kada ka tsaya a wuri ɗaya, ka aika kwafi Abuja, ka sa a buga maka hatimin karɓa a naka kwafin. Takardar da aka san akwai 'yar'uwarta a wani wuri ba ta saurin ɓata.

Baban Khalifa: Na gode Baba, na gode Barista. Sai dai akwai abin da ban faɗa ba. Shekaranjiya da daddare wani dattijon unguwarmu ya zo gida da ambulan, dubu 40 cif, ya ce an ce a ba mu haƙuri, a bar maganar. Hajiyarmu ta karɓa ta sa a ƙarƙashin filo, ta ce in na sake taka hedikwata ba da yawunta ba.

Ɗan Kasuwar Kwari: Kwana ukun fa, su ma a ambulan aka dawo da su?

Maman Ilham: Ka bar shi haka Alhaji. Baban Khalifa, shi yaron me ya ce?

Baban Khalifa: Bai ce komai ba Hajiya. Tun da ya fito dai ya daina karɓar gyaran wayar wanda bai sani ba.