Dattijo ne zai kaɗa piyano, yaro ne mai sanda: ya ake yi a wajen nan?

Salam 'yan uwa. Ina karatu a Jamus, malamina ya ba ni tikitin kallon okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa da ke kiɗa tare, ranar Asabar kuma kunya ta hana ni cewa ban taɓa zuwa ba. A takardar na ga wani dattijo da ya haura 80 shi zai kaɗa piyano, amma mai riƙe da sandan nan da ke ba makaɗa umarni yaro ne, jikansa ma zai yi, to wai shi zai riƙa juya tsoho a gaban jama'a? Sannan wane kaya zan sa, yaushe ake tafawa, kar in je in yi abin kunya.

Yaya Babba: Ƙanena kwantar da hankalinka. Irin wannan kiɗan kwancato suke ce masa, mai piyano shi ne tauraro, mai sanda aikinsa ya haɗa kan makaɗan nan su bi tsohon, in ya ja su ja in ya sassauta su sassauta. Ka zuba ido za ka ga yana ta waigen hannun dattijon. Akwai ma inda zai sauke sanda gaba ɗaya kowa ya yi tsit, tsohon ya yi ta kiɗa shi kaɗai. Haka mai piyano Martha Argerich, 'yar Ajantina da aka haifa 1941, ta sha yi da mai sanda Lahav Shani ɗan 1989, shekara 48 tsakaninsu, kuma lafiya lau.

Maman Biyu: Ni tafi ne ya kunyata ni wallahi. Kiɗan kashi 3 ne yawanci, suna ɗan tsayawa a tsakani, ni kuwa na ɗauka an gama na hau tafi ni kaɗai, wata tsohuwa ta juyo ta kalle ni ta saman tabarau, har yau ina jin abin. Kar ka tafa sai mai sanda ya juyo ya fuskanci jama'a.

Ɗan Zongo: Kaya kam ka sa kaftaninka mai tsabta, sai dai ka bar doguwar hula saboda na bayanka. Ka je da wuri, in suka fara ba sa buɗe ƙofa sai an tsaya. Waya a kashe.

Mai tambaya: Na gode Yaya, na gode Hajiya. To in tari ya kama ni fa?

Maman Biyu: Alewa ɗana, amma ka ɓare ledar tun a waje.