Zuciya na tsallake bugu, ECG ya ce lafiya lau, amma fargaba ta ƙi tafiya

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san abin. Zuciyata kan yi kamar ta tsaya cak, sai kuma ta buga dum har in ji a maƙogwaro. Ya fi zuwa da daddare in na kwanta, ko bayan na ci na ƙoshi. An yi mini ECG, wato gwajin da ke zana bugun zuciya a takarda, likita ya rubuta extrasystoles, wato bugun da ke zuwa kafin lokacinsa, ya ce ba komai. Shekaruna 34, ba ni da hawan jini. To amma barci ya gagara, yatsuna kullum suna kan jijiyar wuya. Akwai gwajin da ya rage? Kuma me ke tayar da shi?

Ma'aikacin jinya, Marwa:
Wa alaikumus salam Malam, sannu. Zuciyarka ba tsayawa take yi ba. Wani bugu ne yake riga lokacinsa, kuma da yake jini bai gama taruwa ba, ba shi da ƙarfin da za ka ji shi a jijiya. Sai ta ɗan dakata ta koma kan tsarinta, a wannan dakatawar jini ya cika ta fiye da kullum, bugun da ya biyo baya ya zo da ƙarfi. Dum ɗin ke nan. Ka fi jinsa da daddare saboda bugun ya ragu, gari ya yi tsit, in kuma a ɓangaren hagu ka kwanta zuciya tana matsowa kusa da ƙirji.

Zuciya na bugawa kusan sau 100,000 a yini, kuma yawancin masu lafiya in aka sa musu na'ura za a tsinci 'yan irin wannan bugun. Abin dubawa biyu ne: yawansu, da lafiyar ita tsokar zuciyar. ECG daƙiƙa 10 kacal yake ɗauka, bai isa ya amsa ko ɗaya ba. Ka nemi Holter na awa 24, wato ƙaramar na'urar ECG da ake ɗaura maka ka wuni ka kwana da ita, ka riƙa rubuta lokacin da ka ji abin don a gwada da abin da na'urar ta kama. Ka nemi eko, wato hoton zuciya, wanda ke nuna ƙarfin matsawarta da ƙofofinta. A yankinmu wannan ba wasa ba ne, domin ciwon maƙogwaron yarinta da ba a yi wa magani ba yana lalata ƙofofin zuciya, mutum bai sani ba sai ya girma. A jini kuma a duba NFS (ƙidayar ƙwayoyin jini), ionogramme (gishirin jini, irin su potasiyom) da TSH (gwajin tayiroid, wato ƙullin wuya da kan kumbura ya zama maƙoƙo). Potasiyom ya kamata ya tsaya tsakanin 3.5 da 5, haemoglobin, wato ma'aunin ƙarfin jini, na namiji kada ya gaza 13.

In eko ya yi kyau kuma irin wannan bugun bai kai kashi 10 cikin 100 na dukan bugun yini ba, yawanci ba a ma ba da magani. In ya haura haka, likitan zuciya zai riƙa bibiya, don yawansu na tsawon shekaru kan raunana tsokar.

Amma a tafi asibiti nan take in aka suma ko gani ya dushe, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙafa ta kumbura, ko abin yana ƙaruwa lokacin aikin ƙarfi, ko bugun ya rikice gaba ɗaya na mintuna ba tsari. Haka nan in a dangi akwai wanda ya yi mutuwar fuju'a bai kai 40 ba, a gaya wa likita.

Mai kantin magani, Kusiri:
Ɗan'uwa, fara da abin da ke shiga bakinka. Shayin nan mai kauri da ake ta tafasawa a ƙaramar buta, goro, Nescafé, lemon ƙarin kuzari na gwangwani, sigari da shisha. Ba kowa kafeyin, wato sinadarin da ke cikin shayi, goro da kofi, ke tayar wa ba, don haka gwaji za ka yi: rage rabi a makon farko, ka bari a na biyu, ka gani. Kada ka yanke rana ɗaya, ciwon kai zai sa ka koma.

Magunguna ma suna yi: salbutamol na asma, maganin mura mai pseudoephedrine, kinin, sai tramol ɗin da ake sayarwa a kan tebur. Lasilix, maganin sa fitsari, kuma yana fitar da potasiyom ta fitsari. Zafin Maris zuwa Mayu, azumi, gudawa ko amai duk suna zubar da ruwa da gishirin jiki. In gudawa ce, ƙunshin SRO (garin gishiri da sukari) ɗaya a lita 1 ta ruwa mai tsabta. Don samun potasiyom, dabino, ayaba, wake, dankali da gyaɗa sun wadatar. Ƙwayar potasiyom kam kada ka saya da kanka, ga mai ciwon ƙoda tana iya tsayar da zuciya da gaske.

Propranolol yana rage jin bugun, amma sai da takardar likita: mai asma ba ya sha, kuma ba a yanke shi farat ɗaya. Ƙwayoyin kwantar da hankali irin su Diazepam da Lexomil kuwa su ba ka barci mako biyu, su bar ka da jarabar da ta fi ciwon.

Ungozoma, Injamena:
Ga mata masu karantawa: "ba komai" ɗin nan bai shafi mai jego ba. Daga watan ƙarshe na ciki zuwa wata 5 bayan haihuwa, bugun zuciya tare da haki, kumburi ko kasa kwanciya sai an jingina, yana iya zama raunin zuciyar haihuwa. An daɗe da sanin yawansa a ƙasar Hausa, musamman Zariya, kuma gishirin kunun kanwa yana ƙara wa zuciya nauyi. A kai ta eko, kada a ce gajiyar jego ce.

Malamin lafiya, Ngaundare:
Malam, kowa ya yi maganar zuciya, ni yatsun nan na kan wuya suka dame ni. Ka ji bugu, ka tsorata, jiki ya saki adrenalin, sinadarin da tsoro ke fitarwa, shi kuma adrenalin ya ƙaro bugun. Duk taɓa jijiyar da ka yi kana koya wa ƙwaƙwalwa cewa akwai haɗari, sai ta ƙara kasa kunne. Danna jijiyar wuya da ƙarfi ma kan sa jiri.

In gwaje-gwajen can sun fito lafiya, ka ware lokaci ɗaya tak a yini na ƙirga bugun, da safe, a wuyan hannu, daƙiƙa 60. Tsakanin 60 da 100 daidai ne. Bayan mako biyu ka bari kwata-kwata. Kwanakin farko fargabar za ta ƙaru kafin ta sauka, a nan mutane da yawa ke karaya.

In ya taso da daddare, juya dama ko ka ƙara matashi. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, ciki ya taso ba kafaɗa ba, ka sake shi a hankali kana ƙirga 6, na minti 5. Kuskuren da ake yi shi ne zuƙa da sauri da zurfi, wanda ke kawo jiri da mutuwar yatsu, mutum ya ɗauka zuciyar ce. A bar awa 2 zuwa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya. Kuma kada ka daina motsa jiki don tsoro: tafiya mai sauri minti 30 bayan la'asar, kwana 5 a mako. Irin bugun da ba shi da illa yakan ɓace ma in zuciya ta ɗauki gudu.

In an yi wata guda fargabar na hana ka barci ko fita kasuwa, ka koma ka faɗa wa likita ita kanta, da sunanta, a tura ka wurin masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ana maganinta ta hanyar zaman tattaunawa, wani lokaci a haɗa da ƙwaya.