Mahaifiyarmu tana karɓar maganin sankarar mama, za ta iya zuwa Umara?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu tana karɓar allurar kemo (maganin kashe ƙwayoyin sankara) saboda sankarar mama, kuma ta ƙuduri niyyar yin Umara a Ramadan mai zuwa. Wace rigakafi ce ta dace da ita, kuma waɗanne alamomi ne za su sa mu garzaya da ita asibiti idan muna can?

Likitan Unguwa:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Likitan da ke duba ta ne zai yanke hukuncin tafiyar. Rigakafin sankarau da Saudiyya ta wajabta, wanda ake yi aƙalla kwana 10 kafin a isa, ba ya ɗauke da ƙwayar cuta mai rai. Na cutar shawara kuwa yana ɗauke da ita, shi ya sa ba a yi wa mai karɓar kemo. Idan ta taɓa yi, katin yana aiki har ƙarshen rayuwa, idan ba ta yi ba, sai likita ya rubuta mata takardar uzuri.

Abin da ya fi damuna shi ne zazzaɓi. Tsakanin kwana 7 da 14 bayan kowace allura, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta kan yi ƙasa sosai, har ƙaramar cuta ta iya mamaye jini cikin sa'o'i. Mu kuwa mun saba, da jiki ya yi zafi sai a ce maleriya ce a nufi kemis. Idan ma'aunin zafin jiki ya nuna digiri 38, ko tana rawar sanyi, ko hankalinta ya fara gushewa, kada a ba ta farasitamol a jira gari ya waye. A kai ta sashen gaggawa, a faɗa tun daga bakin ƙofa cewa tana kan kemo, domin ana so a yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya.

Ma'aikaciyar Jinya:
Yaya, ki lura da ƙafafunta. Sankara kan sa jini ya daskare a jijiya, ga zaman jirgi daga Kano zuwa Jidda ya wuce awa 4. Ta riƙa miƙewa tana takawa, tana shan ruwa. Kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, ko sarƙewar numfashi farat ɗaya, maganar asibiti ce nan take.

Likitan Unguwa:
Haka kuma sabon ciwon baya mai hana barci, tare da raunin ƙafafu ko kasa riƙe fitsari, kada ku ɗauke shi gajiyar ɗawafi, domin yana iya nuna ciwon ya danne laka, kuma jinkiri kan jawo shanyewar ƙafafu. Ku tafi da rahoton asibiti da Turanci, magungunanta kuma su zauna a jakar hannu.