Katajjaq na matan Inuwit: me za mu kira shi da Hausa?

Malam Sabo: Jama'a, ina neman kalmar Hausa ta katajjaq, salon muryar da matan Inuwit na arewacin Kanada ke yi, wanda mawaƙansu na yanzu ke haɗawa da jita, ganga da kiɗan kwamfuta. Na ga ana rubuta "waƙar maƙogwaro", amma bai kwanta mini ba.

Hajiya Talatu: Da gaskiyarka, Malam. Asalinsa wasa ne, kuma yawanci babu baitoci. Mata biyu ne ke tsayawa fuska da fuska, kowace ta riƙe damtsen 'yar'uwarta. Ɗaya ta jefa gajeren sauti tana maimaitawa, ɗayar ta shigo da nata a ɗan gibin da ke tsakani. Sautin na fita a shaƙar numfashi da fitar da shi, wani daga ƙasan maƙogwaro, wani huci zalla, suna kwaikwayon iska, kukan dinya ko ƙarar zarto. Wadda numfashinta ya ƙare ko dariya ta kuɓuce mata, ita ta faɗi. Sannan "waƙar maƙogwaro" za ta cakuɗa shi da na mutanen yankin Tuba na Rasha da na Mongoliya, inda mutum ɗaya ke fitar da amo biyu lokaci guda.

Malam Iro: Gurnani fa?

Hajiya Talatu: A'a, wannan na dabba ne. Al'adar da 'yan mishan suka hana, mata suka sha wuya kafin su farfaɗo da ita, har lardin Kebek na Kanada ya sa ta cikin kayan gadonsa a 2014, ba ta cancanci wannan suna ba. Ni "luguden maƙogwaro" nake so. Dubi mata biyu a turmi ɗaya: taɓaryar wannan na sauka, ta waccan na sama. Da sun sauka tare, lugude ya ɓaci. Haka katajjaq yake watsewa idan mai bi ta faɗa kan bugun mai ja.

Malam Sabo: Ya zauna daram. Sai dai mawaƙiyar Inuit Tanya Tagaq, wadda ta ci Polaris, kyautar kiɗa ta Kanada, a 2014 da faifan Animism, ita kaɗai take yi, da goge da ganga a bayanta. Wa take wa lugude?

Hajiya Talatu: Ita kanta, domin shaƙa da fitarwa su ne taɓarenta biyu. Sai mu ce "luguden maƙogwaro na mutum ɗaya". A ambaton farko a rubuta katajjaq, a bi shi da fassarar.

Malam Sabo: Na ɗauka, Hajiya. Haka zan rubuta.